Kujera a Zauren Lacca ga Masu Jinkirin Fahimta



Yaron da aka haifa da jinkirin fahimta, idan ya ci sa'a ya gama sakandare, galibi nan karatunsa ke tsayawa. Sa'o'insa su wuce jami'a, shi kuwa ya koma zaman gida, har kalmomin da ya sha wuya kafin ya koya su fara zube masa. Wasu iyaye a Kanada sun ƙi yarda da wannan, kuma da ƙoƙarinsu ne Jami'ar Alberta ta fara karɓar irin waɗannan matasa a 1987.

Amurka ta biyo baya da doka. A 2008 aka gyara dokar ilimi mai zurfi, ta yadda ɗalibi mai jinkirin fahimta zai samu tallafin karatu na gwamnatin tarayya ko da ba shi da takardar kammala sakandare irin ta kowa. A 2010 aka fara ba jami'o'i kuɗin kafa shirye-shiryen karɓar irin waɗannan ɗalibai, cibiyar Think College da ke Jami'ar Massachusetts a Boston tana haɗa kansu. Yau sun haura 300.

Sharaɗi ɗaya na dokar nan nake so mu riƙe da kyau. Dole ɗalibin ya yi aƙalla rabin lokacinsa tare da sauran ɗalibai, a aji ɗaya ko a wajen koyon aiki. In ba haka ba, sai a ware musu ɗaki a lungun jami'a, a kafa allo a ƙofa, a ce an yi haɗaka, alhali an mayar da su saniyar ware ne kawai. Ku dubi yadda ake yi. Budurwa ta shiga laccar tarihi da kowa, ta zauna inda ta ga dama. Bayan an tashi, wani ɗalibi da aka horar ya zauna da ita, su sake bin darasin a hankali, da gajerun jimloli da hotuna. Da rana tana jera littattafai a laburare, da yamma ta koyi hawa bas ita kaɗai da lissafin canjinta. Ƙarshenta takardar shaida take samu, ba digiri ba, kuma babu wanda aka yaudara.

Mu a Najeriya, tun Janairun 2019 aka sa hannu a dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman, kuma JAMB ta yi wa makafi tanadi a jarrabawarta. Madalla da haka. Amma mai jinkirin fahimta ba ta wannan ƙofar zai shigo ba. Roƙona ga majalisar dattawan jami'a shi ne ta amince da kwas na takardar shaida na shekara biyu, a fara da ɗalibai kaɗan, sashen ilimi na musamman ya horar da abokan karatunsu, a kuma zauna da iyaye tun kafin a rubuta manhaja.