Idan Kwamfutar Da Aka Haɗa A Gida Ta Ƙi Tashi

 

Abin da ya sa kwamitin ilimi ya nemi a ba mu wannan fili shi ne, a 'yan kwanakin nan yaranmu na nan Agege sun duƙufa wajen sayo kayan kwamfuta ɗai-ɗai daga kasuwar Otigba ta Ikeja, suna haɗawa da hannunsu. Wannan abin farin ciki ne. To, amma sau da yawa sai a gama haɗawa, a danna maɓalli, a ji shiru. Daga nan sai zargi ya tashi, a koma kasuwa ana cacar baki da mai kaya, wani lokacin har sai manya sun shiga tsakani. Mu kuwa baƙi ne a garin mutane, bai kamata mu ɗora wa ɗan kasuwa laifi ba sai mun tabbatar.

Akwai wani yaronmu da ya shekara yana tara kuɗi, ya haɗa tasa, ta ƙi tashi. Wani mai gyara ya ce masa ai babban allon ne ya ƙone, wato abin da 'yan kasuwa ke kira madabod. Ya ci bashi ya sayo sabo, ita dai shiru. Da muka duba, ashe waya guda ce bai soka ba. Saboda haka a kasa kunne.

Da farko mu san cewa duk lokacin da aka kunna kwamfuta, akwai wani ɗan shiri da ke zaune a jikin allon, ana kiransa BIOS, na zamani kuma UEFI. Shi ne ke fara zagayawa yana duba furosesa, da ram, da katin hoto, kafin ya miƙa ragama ga Windows. In ya tarar da matsala sai ya tsaya cik. Aikinmu shi ne mu gano a ina ya tsaya.

Mataki na ɗaya, wuta. Wayoyi biyu ne ke ciyar da allon daga fawa fak: babba mai baki 24, da ƙarama mai baki 8 ko 4 da ke can sama kusa da furosesa. Wannan ƙaramar ce yaron nan ya manta. In ba a soka ta ba, fanka na iya juyawa amma ba za a ga komai a monita ba. Sannan ku masu sayen tokumbo, ku duba bayan fawa fak ɗin. Tsofaffi da yawa na da wani ɗan jan makunni mai 115 da 230. Kayan da suka fito daga Amurka kan zo a kan 115, mu kuma wutarmu 230 ce. Wanda ya jona bai mayar ba, sai dai ya ji ƙara da ƙauri. In ana shakkar fawa fak, a cire shi daga allon, a haɗa koriyar waya da baƙa a jikin mai baki 24 ɗin da ɗan guntun ƙarfe. In fankarsa ta juya, yana da rai. Mai mita ya auna: rawaya 12, ja 5, ruwan lemo 3.3. Amma don Allah kada kowa ya buɗe cikinsa, domin yana riƙe wuta ko an zare shi daga soket.

Mataki na biyu, a saurari abin da allon ke faɗa, don ba bebe ba ne. In akwai 'yar ƙaramar sifika a jikinsa, kuka ɗaya gajere a galibi na nufin lafiya lau. A BIOS na Award, dogo ɗaya da gajeru biyu na nufin katin hoto ne, dogon kuka mai maimaituwa kuwa ram ne. Amma fa kowane kamfani da yarensa, na AMI daban, na Phoenix daban, saboda haka littafin da ya zo da allon shi ne alƙali. Kada a yar da shi tare da kwali. Sababbin alluna da yawa kuma na da ƙananan fitilu huɗu da aka rubuta CPU, DRAM, VGA da BOOT a gefensu. Wadda ta tsaya a kunne, to, nan ciwon yake.

Mataki na uku, ram, wanda shi ne ya fi kowa kawo rigima. A zare wuta, a cire duka, a mayar da guda ɗaya tak, a danna shi sosai har sai maƙallin ya ce ƙas. In ramuka huɗu ne kuma ram biyu gare ka, yawanci na biyu da na huɗu daga wajen furosesa ake sa wa. Mu da ke Ikko kun san yadda danshin teku ke cin ƙarfe, saboda haka tsohon ram a goge haƙoransa da magogin fensir a hankali. A kuma lura, DDR4 da DDR5 duk haƙora 288 gare su, amma tsagarsu ba wuri ɗaya take ba. In ya ƙi shiga kada a yi masa dole. Allon DDR5 kuma a kunnawar farko yakan ɗauki 'yan mintoci monita na baƙi yana daidaita kansa. A yi haƙuri, gaggawa aikin Shaiɗan ce.

Mataki na huɗu, hoto. In ka sa katin hoto, wayar monita a jikin katin za ta shiga, ba a jikin allon ba. Furosesan Intel da lambarsa ta ƙare da harafin F kuwa ba ya fitar da hoto da kansa, dole sai da kati.

Mataki na biyar, batiri. Akwai wani batiri mai kama da kwabo a jikin allon, lambarsa CR2032, ƙarfinsa bolt 3. In ya mutu, kwanan wata da agogo sai su riƙa rikicewa. In kuma an taɓa saitin BIOS kwamfuta ta ƙi tashi, a zare wuta, a cire shi na kamar minti biyar, a mayar. Saitin zai koma yadda ya fito daga kamfani.

In duk an yi wannan ba a dace ba, sai a kwance allon daga akwati, a ɗora shi a kan kwalinsa, da furosesa da fankarsa da ram ɗaya kawai. A taɓa ƙusoshi biyu na maɓallin kunnawa da bakin sukudireba. In ya tashi a waje, ashe akwatin ne ke taɓa bayansa, wataƙila an manta ƙananan ƙafafun da ke ɗaga shi, ko an ɗaura ɗaya inda babu huda. Kafin a taɓa allon a dafa ƙarfen akwati tukuna, musamman lokacin hunturu. Sai a ƙarshe ne za a ɗaga furosesa a duba ko wata allura ta lanƙwashe. A na Intel alluran na cikin gurbin allon, a AM4 na AMD suna jikin furosesa, amma AM5 da ya fito a 2022 ya koma irin na Intel.

Wani lokacin kuma allo lafiya, furosesa lafiya, shekaru ne suka raba su. Misali, Ryzen 5000 da ya fito a 2020 ba ya tashi a kan tsohon allon B450 sai an sabunta BIOS. Wannan a tambayi mai kaya tun kafin a biya, matambayi ba ya ɓata. Kuma kada a kuskura a yi sabuntawar nan da wutar NEPA tsura ko da ƙaramin janareta. In aka ɗauke wuta a tsakiya, allon na iya mutuwa. A nemi UPS ko inbata.

Jama'a, abu ɗaya ake canzawa a lokaci guda, a gwada, a rubuta abin da aka gani. A karɓi rasit, a sa mai kaya ya gwada a gabanka. Wanda ya bi matakan nan duka ya tabbatar kayan ne ba su da kyau, to, ya zo mu raka shi cikin mutunci, da hujja a hannu. Iyaye kuma a taimaka, kada a ce yaro ya ɓarnatar da kuɗi don ta ƙi tashi ranar farko.

Allah Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.