Daga Samaru zuwa Tsibirin Gore da jakar goyo ɗaya



Shekaranjiya a teburin mai shayi a Samaru wani ƙanena ya ce min, "Yaya, yawon buɗe ido ai na 'ya'yan masu kuɗi ne. Mu talaka in zai fita, sai dai ya bi ta Agadas." Wallahi maganar ta tsaya min a rai, shi ya sa yau zan ba ku labarin tafiyata Tsibirin Gore na Senegal.

Tun 1979 ECOWAS ta amince ɗan ƙasashenta ya shiga kowace ƙasa a cikinsu babu biza, ya zauna har kwana 90. Fasfo da katin rigakafin shawara kawai ake nema. Nijar, Mali da Burkina Faso sun fice daga ƙungiyar a Janairun 2025, don haka ni gaɓar teku na bi: Legas, Seme, Kwatano, Lome, Accra, Abidjan, sai Laberiya, Saliyo, Gini, har Dakar. Kada ka yi wannan tafiyar da damina, hanyar tana ɓaci sosai.

Jakar goyon gwanjo na saya a kasuwar Sabon Gari. Na zuba kaya kala uku, garin kwaki, ƙuli-ƙuli da ɗan kwado na kulle jaka.

A Dakar hostel na sauka. Gado kake biya, ba ɗaki ba. Gadaje masu hawa biyu, banɗaki na kowa da kowa, kicin ɗaya. Wani Bature yana ta ƙorafin munsharin maƙwabcinsa, ni ko sai dariya. Wanda ya yi zaman hostel a jami'a, ya dafa taliya a risho, ya kama layin wanka, me za a nuna masa?

Daga Dakar jirgin ruwa kamar minti 20 ne zuwa Gore. Babu mota a tsibirin, da ƙafa ake zagaye shi. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1978. Na tsaya a Gidan Bayi, a bakin ƙofar da ake ce wa ƙofar da ba a dawowa, ina kallon teku. Sai na tuna samarinmu da ke biyan dillalai kuɗi su kai su Libiya. Jikina ya yi sanyi.

Kuma fa wannan tafiyar gadonmu ce. Fatake sun je Gwanja sayen goro, suna sauka a zango wajen maigida. Har yau a Nima da Sabon Zango na Accra, da Hausa za ka sayi waakye.

Ba zan ɓoye muku ba, akwai wahala. A wata iyaka an tsare ni awa biyu ana neman na goro. Na nuna takarduna cikin ladabi har suka gaji. Ka canja kuɗinka zuwa sefa da sidi kaɗan-kaɗan, ka raba su gida biyu, kullum ka sanar da gida inda ka kwana.

Ƙanena, fara tara kuɗin fasfo. Ka fita ta ƙofar da ake dawowa.

Wace ƙasa za ku fara zuwa? Ku faɗa min. Sai mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.