Kunyoyin da Iska Ke Hudawa a Kan Rairayi

Shugabanninmu na ƙungiya, iyayenmu, da 'yan uwa malamai na Talata Mafara da Bakura da Maradun.

Mun daɗe muna kukan rashin ɗakin gwaje-gwaje, kuma kukan yana kan hanya. Amma a darasin labarin ƙasa akwai abin gwajin da hunturu ke kawo mana kyauta har bakin aji, muna taka shi muna wucewa. Muna nufin 'yan kunyoyin nan da iska ke hudawa a kan rairayi, a filin makaranta ko a gefen Gulbin Sakkwato idan ruwa ya janye.

Wani hafsan sojan Ingila, Ralph Bagnold, ya yi shekaru yana ratsa hamadar Masar da Libiya, a 1941 ya fitar da littafi a kan yadda iska ke tafiyar da rairayi. Ya nuna cewa ƙwayar rairayi ba tashi sama take kamar ƙura ba. Tsalle take dab da ƙasa, ta faɗo ta bugi 'yar uwarta, ita ma ta yi gaba. Daga wannan tsallen kunyoyin ke fita.

To, mu ba ɗalibi rula ya durƙusa. Ya auna daga kan wata kunya zuwa ta gaba, sau goma, ya fitar da matsakaici, sannan ya auna tudunta. Zai tarar tazarar ta ninka tudun fiye da sau goma. Zai kuma lura cewa gefe ɗaya a kwance yake, ɗayan a tsaye. Na kwancen shi ke fuskantar inda iska ta fito, wanda a hunturu arewa maso gabas ne. Yaron da ya gano haka da hannunsa ba sai mun sa shi haddacewa ba. A kuma zuba busasshen rairayi daga kwano har ya yi tsibi: komai yawan da aka ƙara, gangarensa yana tsayawa wajen digiri 34, daidai da gangaren bayan manyan tuddan Sahara.

Kada a ɗauka labarin nesa ne. Tun 1958 masanin labarin ƙasa A. T. Grove ya bayyana cewa jigayi da yawa na ƙasar Hausa tsofaffin tuddan hamada ne da tsirrai suka ɗaure. Idan aka sare itatuwan, ɗaurin ya kwance. Iyalanmu da ke noman rani a ƙarƙashin madatsar Bakolori su ne farkon masu bukatar sanin ta ina rairayi ke shigowa, domin a dasa shingen itatuwa a gefen da ya dace.

Sanin kowa ne halin tsaro bai bar mu mu kai yara nesa da gari ba, kuma ba ma roƙon kowa ya yi kasada. Harabar makaranta ta isa. Kowace makaranta ta ware littafi guda, a auna wuri ɗaya duk mako daga Disamba zuwa Fabrairu, a rubuta rana da adadi, mu zo da littattafan taronmu na gaba mu gwama na Bakura da na Maradun.