RANA KYAUTA CE, AMMA WA ZAI MALLAKI FARANTIN?

Wannan shi ne jawabin da wani ɗan'uwa ya gabatar ga matasa manoman rani a wani zama da aka yi a ƙasar Ɗambatta. Mun kawo shi ne saboda amfanin da ke cikinsa. A sha karatu lafiya.

Bayan godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki da salati ga Manzon tsira, ina neman afuwar malamaina da iyayena da ke zaune a nan, domin yaro ne zai yi magana a gaban manya. Ni ɗan manomi ne kamar ku, a bakin tiyo na tashi, kuma abin da ya same mu a gonarmu shi ne ya sa na miƙe.

Ya 'yan'uwa, a ranin 2023 zuwa 2024 mun dasa albasa da tumatir a 'yar fadamarmu. Kullum da asuba nakan ɗaura jarka a babur in nufi gidan mai, kuma kullum kuɗin da Baba ya ba ni sai ya sayo ƙasa da abin da ya sayo a makon da ya wuce. Ran nan muna tsakiyar ban ruwa sai Baba ya ce mini, "Kashe injin." Na ce, "Baba, ai saura rabi." Ya ce, "Na gani. Zaɓi komayen da za mu ceta, sauran mu bar wa Allah." Wallahi da idona na ga tumatir mai fure ya bushe, alhali ga ruwa kwance a ƙarƙashin ƙafarmu, ga kuma rana tana dukan ƙeyarmu. Na san da yawanku nan kuna da irin wannan labari, la'alla ma wanda ya fi nawa ciwo.

To, yaya aka yi muka zo nan? Kakanninmu da jigo suke ban ruwa. Wahala ce, kuma ɗan wuri kaɗan mutum yake iya shayarwa, amma ba ya jiran tankar mai ta taso daga Kudu. Daga shekarun 1970 zuwa farkon 1980 aka gina madatsun ruwa a wannan yanki namu, irin su Tomas a nan kusa da mu, da Watari a Bagwai, da na Wasai a wajen Minjibir. A shekarun 1980 hukumar KNARDA ta yaɗa ƙananan injinan ban ruwa da 'yan rijiyoyin fadama, sannan a farkon shekarun 1990 shirin Fadama ya zo da rancen Bankin Duniya ya ƙara yaɗa su. Noman rani ya bunƙasa, wannan gaskiya ne. Sai dai tun daga ranar muka ɗaure gonarmu a jikin famfon gidan mai. Iyayenmu sun ɗanɗana haka a 1994, lokacin da ma'aikatan mai suka yi dogon yajin aiki. Mu kuma namu ya zo ranar 29 ga Mayu, 2023, da aka ba da sanarwar cire tallafin mai. Litar da ake saye ƙasa da naira 200 ta haye naira 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 kuwa ta wuce naira 1,000.

Ku yi lissafi da kanku. A ce injinka yana shan lita 5 a kowane ban ruwa, kana ba da ruwa sau 2 a mako, har tsawon mako 16. Lita 160 ke nan. A farashin ƙarshen 2024 naira 160,000 ke nan, ban da baƙin mai, ban da gyara, tun ba ka sayar da kwando ɗaya ba. Wasu sun juya injinsu ya koma aiki da gas ɗin girki. Dabara ce, kuma ta taimaka, amma gas ɗan'uwan fetur ne, daga rijiya ɗaya suke fitowa, kuma wanda yake yanka farashin wancan shi yake yanka na wannan.

Wannan ne ya sa hankalin mutane ya koma kan sola. Ku zaga fadamunmu yau, za ku ga farantai suna ƙyalli a tsakiyar gonaki. Yadda abin yake aiki kuwa ba wani sihiri ba ne. Farantin yana juya hasken rana ya zama lantarki, lantarkin ya bi waya ya juya famfo, famfon ya turo ruwa. Babu fetur, babu hayaƙi, babu ƙara. Kuma Allah Ya ajiye mu a inda rana take da ƙarfi, domin a ƙasar Kano ana samun kwatankwacin awa 5 zuwa 6 na cikakkiyar rana a yini, kuma lokacin da shuka ta fi bukatar ruwa shi ne lokacin da sama ta fi washewa. Farashin farantan a duniya ya faɗi da kusan kashi 90 cikin 100 tsakanin 2010 da 2020. Hatta gwamnati ta shiga, domin a Janairun 2023 an buɗe tashar sola mai megawat 10 a Kumbotso.

Kun ga ke nan har an samu mafita. To amma, 'yan'uwa, abin da ya kawo ni gabanku shi ne in ce mu yi hattara, kada a gudu ba a tsira ba. Akwai ramuka uku a kan wannan hanya.

Rami na farko shi ne mallaka. Fetur kana sayensa ne kaɗan-kaɗan, yau lita 3, jibi lita 4. Sola kuwa kuɗinta gaba ɗaya ake zubewa a rana guda. Wa yake da irin wannan kuɗi a ƙauye? Mai hali. Shi zai kafa farantai, ya riƙa sayar wa maƙwabtansa ruwa, ko ya ba su bashi a kan amfanin gona. In shekara ta yi kyau ya kwashe riba, in ta ɓaci ya karɓi gonar jingina. Sanin kowa ne cewa a nan ƙasarmu gona ba ta da yawa. Daga Ungogo zuwa Minjibir, daga Bichi zuwa Makoɗa, babu dajin da ya rage wanda mutum zai je ya sara. Gonar kaka an raba wa 'ya'ya, an sake raba wa jikoki, har ta koma kamar tabarma. Wanda ya rasa 'yar tabarmarsa ba shi da wata, sai dai ya tafi birni tura baro ko acaɓa.

Amma ku lura, wannan ƙanƙantar gonaki ita ce kuma damarmu. Tunda gonakin ƙanana ne kuma a manne suke da juna, famfo ɗaya zai iya shayar da mutum 5 ko 6 in sun yi layi. Abin da mutum ɗaya ba zai iya saye ba, mutum 6 za su iya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Iyayenmu mata sun daɗe suna adashi, iyayenmu maza sun daɗe suna gayya. Me zai hana mu ɗauki kuɗin da muke kai wa gidan mai a rani ɗaya mu zuba shi a asusu guda? Kuma wanda aka kawo wa tayin biya kaɗan-kaɗan, to ya kai takardar wurin malami da wurin wanda ya iya lissafi kafin ya sa hannu, domin a tabbatar babu riba a ɓoye a ciki.

Rami na biyu shi ne jahilcin kayan. Fiye da kashi 80 cikin 100 na farantan duniya a Sin ake ƙera su, kuma abin da yake shigowa kasuwanninmu akwai nagari, akwai tsoho da aka goge, akwai wanda aka liƙa wa lambar ƙarya. Za ka ga an rubuta wat 500 a bayan faranti alhali bai kai haka ba. Araha ba ta ado. Wanda bai iya riƙe mita ya auna ba, to ya sayi abin da aka gaya masa ne kawai. Faranti nagari yana iya yin shekara 20 zuwa 25 yana aiki, amma sai an san haƙƙinsa. A nan wurinmu kudu ake fuskantar da shi, a ɗan kishingiɗa shi kaɗan. Ƙurar hunturu tana rage masa ƙarfi, saboda haka a wanke shi da sassafe tun bai yi zafi ba. Inuwa ko a gefe ɗaya ta faɗa masa tana iya rage ƙarfin dukkansa. Kuma ban ruwa ba ya bukatar batir. Ka tara ruwan a tanki ko a kududdufi da rana, ka sake shi da yamma, tankin nan shi ne batirinka.

Game da batir ɗin da muke sa wa a gida da shagon cajin waya kuwa, ina jan kunnenmu. Mai ruwan nan dalma ce a cikinsa, kuma zafin ƙasarmu yana saurin kashe shi. In ya mutu kada a fasa shi a tsakar gida, kada a bar yara su yi wasa da shi, a mayar da shi ga masu saye. Mun ji abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu a ƙauyukan masu haƙar zinare. Dalmar can da ta cikin batir duk abu ɗaya ne.

Wa zai koyi wannan aiki in ba mu ba? Kowane ƙauye yana da makanikin injin ban ruwa, amma ƙauye nawa ne yake da wanda ya iya haɗa sola? In famfo ya tsaya sai an jira wani ya zo daga birni, shuka kuwa ba ta jira. Kada wani ya ce wannan ilimin Turawa ne. A Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da ke Sakkwato akwai cibiyar binciken makamashi da take aiki a kan hasken rana tun shekarun 1980. A Nijar kuwa, Farfesa Abdou Moumouni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa, ya shafe shekaru yana jagorancin hukumar makamashin rana ta ƙasar tun ƙarshen shekarun 1960. Baƙin mutum ne ɗan Sahel irinmu. Mu da muka yi sakandare muka san bambancin bolt da wat, kunya ce a ce ba mu iya ɗaura waya biyu ba.

Rami na uku shi ne ya fi zurfi, wato ruwan kansa. Lokacin da muke sayen fetur, tsadarsa ce take hana mu ɓarna. Kowa yana kashe inji da zarar komi ya cika. Yanzu da rana ce take biya, sai ka ga mutum ya kunna famfo da hantsi ya tafi kasuwa, ruwa yana ta malala a hanya. Yana ganin bai yi asarar komai ba. Alhali ruwan da ke ƙarƙashin fadama damina ce take zuba shi, kuma daminarmu wata 4 ce, wata shekarar ma ba ta cika. In muka ja fiye da abin da ta zuba, rijiyar maƙwabci ce za ta fara ƙafewa, sannan ta masallaci, sannan wadda ƙannenmu mata suke ɗiba. Mai kuɗi zai ƙara zurfin tasa, talaka ya tsaya yana kallo. Wannan ya faru a Yaman. Bayan yaƙi ya tsananta a 2015 man dizal ya yi wuya, manoma suka koma sola da yawa, masu bincike kuma suka ga ruwan ƙasa yana ƙara ja da baya a yammacin ƙasar. Gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Tun muna Islamiyya aka koya mana cewa almubazzaranci da ruwa abin hani ne ko da a wajen alwala, balle a gona.

Haka kuma batun itatuwa. Na ga wanda ya sare gawo don inuwarsa tana taɓa faranti. Subhanallah! Gawon da yake zubar da ganye da damina ya bar wa gero rana, ya ba dabbobi abinci da rani? Abin da ya riƙe ƙasar nan ɗaruruwan shekaru duk da yawan jama'a shi ne taki da itatuwan gona, ɗorawa da kuka da tsamiya da kanya. Kakanninmu reshe suke sassaɓa, ba sa kayar da uwa. A ƙasar Maraɗi da Damagaram manoma sun raya miliyoyin itatuwa a gonakinsu ta hanyar sassaben zamani tun daga shekarun 1980. Su suna rayawa, mu mu riƙa sarewa? Faranti yana ɗaukuwa, ka matsar da shi. Itace ba ya matsawa.

Saboda haka, 'yan'uwa, ga abin da nake roƙo mu tashi da shi daga wannan zama. Na ɗaya, duk masu gonaki a jere su zauna tun kafin kaka su buɗe asusu, a rubuta abin da kowa ya zuba, da ranar ban ruwan kowa, a gaban shaidu. Na biyu, kowace unguwa ta fitar da matasa 2 ta tura su koyon haɗa sola da gyaran famfo, a ɗauki nauyinsu, su kuma su yi alƙawarin dawowa. Na uku, a sa igiya mai ƙulli a rijiyar unguwa, a riƙa auna zurfin ruwa duk ranar Juma'a ana rubutawa, in an ga yana sauka a rage awannin ja, kowa da kowa, har da mai babban famfo. Na huɗu, a sa gwauruwa da maraya da ke da gona a cikin layin, ko ba su zuba ko kwabo ba.

Mu a fadamarmu mu 6 ne muka haɗa, kuma sai da muka yi kaka biyu muna tarawa. Ranar da ruwa ya fara fitowa babu ƙarar inji, Baba ya daɗe a tsaye yana kallon bakin tiyo, sannan ya ce mini, "To, yanzu sai ka koyi kashewa." Wannan kalma tasa ita nake bar muku.

Abin da na faɗa daidai daga Allah ne, kuskuren kuwa nawa ne, ina neman gafararSa da afuwarku. Allah Ya ba mu damina mai albarka da rani mai amfani.