Jawabi Ga Masu Lambu: Rage Rassan Itatuwa Kafin Damina Ta Kankama



'Yan'uwana manoma, yau zancenmu a kan rage wa itatuwan lambu rassa ne. Da yawa daga cikinmu muna ganin sare reshe asara ce. Ba haka ba ne. Itacen da ya cunkushe, iska da hasken rana ba sa ratsa shi, sai ƙwari da cuta su sami maɓoya, 'ya'ya kuma su ragu.

Lokacin da ya fi dacewa shi ne ƙarshen bazara, da zarar an gama tsinkar mangwaro, wajen watan Mayu zuwa Yuni. Kada a yi a tsakiyar zafin Maris da Afrilu, don rana kan ƙone ɓawon da aka yaye wa inuwa. Kada kuma a bari sai marka ta Agusta, don laima kan sa wurin saran ya ruɓe.

Waɗanne rassa za a cire? Na farko, busassu da masu cuta, a tara su nesa a ƙone. Na biyu, masu gogar juna da waɗanda suka nufi cikin itacen. Na uku, duk tohon da ya fito ƙasa da mahaɗin aure a jikin lemo ko mangwaro. Idan aka bar shi zai rinjayi irin kirkin da aka sayo da kuɗi.

A yi aiki da zarto ko almakashi mai kaifi. Idan reshen babba ne, a fara yanka ta ƙasa kafin ta sama, don kada ya ɓalle ya saɓule ɓawo. A yanke dab da kumburin gindin reshen, kada a bar dungu, don gara za ta bi shi. Kada a cire fiye da kashi 1 cikin 4 na ganyen itace a shekara guda.

Gwaba a sabon toho take 'ya'ya, saboda haka rage ta na ƙara amfani. Zogale kuwa a datse shi a tsawon mita 1, zai yi rassa, mata su sami ganye ba sai da ƙota ba.

Hausawa sun ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. A fara tun dashe yana ƙarami. Wanda ya iya karatu ya karanta wa maƙwabcinsa, mai tambaya kuma ya nemi malamin gona.

Allah Ya ba mu damina mai albarka. Wassalamu alaikum.