In Injin Ban Ruwa Ya Ƙi Tashi Bayan Gyara

 Maganarmu ta yau a kan injin dizal ce, irin su Lister da muke ban ruwa ko niƙa da su. Sau da yawa mutum yakan kashe kuɗi a kwance masa inji, a sa sabbin zobban fistin da gasket, a ɗaure, amma a yi ta juyi ya ƙi tashi. Ga tumatir ya fara fure, in ya daɗe ba ruwa sai furen ya zube. To, kada ku yi gaggawar sake kwance shi. Ku bi a hankali.

Da farko ku sani, injin dizal ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska har ta yi zafi fiye da digiri 500, sai nozul ya fesa mai, ya kama da kansa. Ke nan abu 4 yake bukata: mai, iska, matsi, da feshi a kan lokaci. In ya ƙi tashi, ɗaya daga cikinsu ne ya ɓaci.

Ku sa wani ya juya, ku dubi bakin salansa. Hayaƙi zai gaya muku inda cutar take.

1. In babu hayaƙi ko kaɗan, mai bai isa ba. Ku duba ko an buɗe famfon tanki, ko kuma ƙarfen kashe inji yana nan a kashe. In waɗannan lafiya, to iska ce ta shiga bututu lokacin gyara, kuma ita ce ta fi yawan kawo wannan matsala. Ku sassauta ɗan ƙusar da ke kan matatar mai, ku bari mai ya fito har kumfa ta ƙare, ku ɗaure. Ku yi haka a kan famfon mai. Sa'an nan ku sassauta notin bututu a bakin nozul, a juya har mai ya riƙa tsartuwa, ku ɗaure. In kun kasa kunne za ku ji nozul yana ɗan kuka, ƙiƙ, ƙiƙ. Mai ya iso ke nan.

2. In hayaƙi fari ne mai warin ɗanyen mai, man yana shiga amma ba ya ƙonewa. Ku gwada matsi. Ku sauke ƙarfen sassauta matsi, ku juya a hankali. Inji mai lafiya zai turje muku. In ya wuce salin-alin, ko kuka ji iska tana huci, watakila an ɗaure bawul ya yi tsauri ba ya rufuwa, ko gasket yana yoyo. Sabbin zobba ma ba su kan zauna daidai nan da nan ba. Ku zuba baƙin mai cokalin shayi 1 ta hanyar iska, kada ya wuce haka. In matsi ya ƙaru, zobba ne. In matsi yana da kyau amma farin hayaƙi bai daina ba, sai a koma kan lokacin feshi. Haƙoran inji suna da alamomi, in aka kuskure haƙori 1 wajen ɗauri, mai zai zo kafin lokaci ko bayansa. Wannan aikin makanike ne, ku kira wanda ya yi gyaran ya zo da littafin injin.

3. In hayaƙi baƙi ne, iska ba ta isa ba. Ku cire matatar iska ku duba. Ƙurar hunturu takan toshe ta, wani lokaci kuma tsumman da aka cusa a bakin bututu ne aka manta ba a cire ba.

Ku lura kuma da ƙarfin juyi. Da sanyin safiya inji yakan yi nauyi. Ku juya har ya ɗauki gudu sosai kafin ku sauke ƙarfen matsi. Mai batir kuma, kada ya murza fiye da daƙiƙa 15 a lokaci ɗaya.

Ga kashedi. Kada ku tara hannu a gaban nozul, feshinsa yana huda fata, yana iya sa a rasa yatsa. Kada ku zuba fetur ta hanyar iska. In kun kama hannun juyi, babban yatsa ya zauna gefe ɗaya da sauran, don in inji ya mayar kada ya karya shi.

In Allah ya sa ya tashi, ku tabbata akwai baƙin mai da ruwan sanyaya shi. Kada ku ɗora masa aiki mai nauyi a kwanakin farko, ku juye baƙin mai bayan kamar awa 50. Wanda ya bi duk waɗannan bai dace ba, ya nemi malamin gona na yankinsa tun shuka ba ta yi yaushi ba.

Allah ya ba mu albarkar rani, amin.