Wuta da Hayaƙi a Gidajenmu na Haya

Jawabin da ɗaya daga cikin 'yan kasuwarmu ya yi a taron wata-wata na ƙungiya, Sabo, Ibadan

Ni ba likita ba ne, ɗan kasuwa ne, abin da na gani da idona shi ya sa na roƙi a ba ni 'yan mintoci.

A daminar bara yaron shagona da abokinsa sun tayar da janareta da dare. Ruwa ya sauko, ga kuma tsoron ɓarayi, sai suka jawo shi cikin lungun da ke bakin ɗakinsu, suka rufe ƙofar gida, suka kwanta. Da Asuba ba a gan su a masallaci ba. Aka ɓalle ƙofa aka tarar da su a sanƙame. Yarona ya farfaɗo a asibiti, abokin kuwa Allah Ya yi masa rasuwa. Watansa biyu kacal da zuwa Kurmi neman abinci, kuma ni aka sa na buga wa mahaifinsa waya. Jama'a, kada Allah Ya sa ɗayanku ya yi irin wannan wayar.

Wasu suka ce aljanu ne, wasu suka ce guba aka sa musu a abinci. Likita ya ce hayaƙin janareta ne. A cikinsa akwai wata iska mai guba wadda ba ta da launi, ba ta da wari. In ta shiga jiki tana kama jini fiye da iskar da muke rayuwa da ita sau 200 da wani abu. Mai ido biyu zai ji ciwon kai, jiri, tashin zuciya da kasala. Mai barci kuwa ba ya jin komai, sai dai ya zarce. Garwashin gawayi a kurfoti ma haka yake yi in an shiga da shi ɗaki an rufe.

To, ku dubi irin gidajen da muke haya a nan: ɗakuna suna kallon juna, lungu ɗaya a tsakiya. Sakacin mutum ɗaya ya ishi gida duka. Saboda haka janareta waje ake ajiye shi, nesa da ƙofa da taga kamar taku 20, bututun hayaƙin yana kallon fili. In ruwa ko ɓarawo kuke tsoro, ku haɗa kuɗi a yi masa keji na ƙarfe mai rufi, a sa kwaɗo. Kada a zuba masa mai yana aiki, a kashe shi ya huce tukuna. In kun tarar da wanda hayaƙi ya buge, ku buɗe ƙofofi, ku fitar da shi iska, ku kai shi asibiti nan take ko da ya ce ya warware.

Sai fetur. Tun da aka cire tallafi a 2023 ya yi tsada, wasunmu suna ɓoye jarka a ƙarƙashin gado. Fetur ba sai wuta ta taɓa shi ba, tururinsa ma kamawa yake. Kuma wutarsa ba a kashe ta da ruwa, da yashi ake yi.

Iyayenmu mata, ga naku. Gas ɗin girki ya fi iska nauyi, in ya tsiyaye ƙasa yake kwanciya. In kun ji warinsa kada ku ƙyasta ashana, kada ku taɓa makunnin lantarki. Ku rufe kan tukunyar, ku buɗe tagogi, ku fitar da yara. Da ruwan sabulu ake gwada tiyo, inda ya yi kumfa nan ne ya huje. In mai ya kama wuta a kasko, murfi za ku kifa masa. Wanda ya ƙone a sa wurin cikin ruwan sanyi mai gudana har minti 20, ban da ƙwai, ban da man goge haƙora. Kananzir kuma kada a zuba shi a kwalbar lemo. In yaro ya sha, kada a ɗura masa manja, kada a sa shi amai, domin yana iya shiga huhu. Asibiti za a nufa.

Malamanmu sun karantar da mu cewa wani gida ya ƙone da mutanensa da dare a Madina, Manzon Allah (SAW) ya yi umarni a riƙa kashe wuta in za a kwanta. Ashe ba sabuwar magana na kawo ba.

Roƙona ga ƙungiya shi ne kowane gida a naɗa mutum ɗaya, bayan Isha'i ya zagaya ya duba janareta, risho da tukunyar gas. Wanda aka yi wa magana kada ya ji haushi, in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Allah Ya jiƙan wannan yaro, Ya tsare mu da iyalanmu, Ya mai da mu gida lafiya. Wassalamu alaikum.